Dafin Ƙaramar Dawa Da Ma'aikatan Da Ke Haɗa Shi

Kowace shekara, in ruwa ya ɗauke bayan shuka, ko kuwa bayan girbi sa'ad da gyauro ya fito, akan ji labarin shanu ko tumaki sun faɗa gonar dawa sun yi kiwo. Kafin makiyayi ya ankara sai su fara haki, suna tangaɗi, kumfa na fita a baki, waɗansu su faɗi ba su ƙara tashi ba. Sau da yawa abin yakan zama rigima. Makiyayi ya ce mai gona ya sa guba, mai gona ya rantse bai sa kome ba, har magana ta kai gaban dagaci ko alƙali. Alhali kuwa a yawancin irin wannan hasara ba hannun kowa a ciki. Dawar ce da kanta ta haɗa dafin.

Yanzu masana sun san yadda take haɗa shi daki-daki, har sun iya hana ta. A waɗansu ƙasashe an riga an fitar da irin dawa wadda ba ta da dafi ko kaɗan, kuma ba mamaki wata rana 'yan kasuwa su kawo irinta nan. Kafin ranar ta zo ya kamata manomi ya san abin da za a sayar masa, gama dafin nan yana da aikin da yake yi a gona, wanda ya kore shi kuwa tilas ya nemi mai yin aikin a madadinsa.

MENE NE ENZAYIM?

A cikin kowane abu mai rai akwai waɗansu ƙananan ma'aikata waɗanda ido ba ya gani, masana suna kiransu enzayim. Aikinsu shi ne su kama wani abu su juya shi ya zama wani, da sauri, su kuwa ba su ƙarewa. Kowa ya taɓa ganin aikinsu ko da bai san sunansu ba. In mutum ya daɗe yana tauna burodi zai ji ya fara zaƙi, wannan aikin enzayim ɗin da ke cikin yawu ne. In aka naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi, shi ma haka. Albasa kuma, muddin ba a yanka ta ba, ba ta sa kowa hawaye. Sai wuƙa ta shiga, abubuwa biyu da ke ajiye dabam-dabam su gamu, sa'an nan yajin ya tashi ya shiga ido.

Ɗacin maɗaci, da yajin barkono, da shuɗin baba, da ƙamshin citta, duk enzayim ne ke haɗa su a cikin tsiro. Yadda suke aiki kuwa kamar yadda auduga ke zama riga ne. Mai gurza ta gama ta miƙa wa mai shiɓa, mai shiɓa ta miƙa wa mai kaɗi, daga nan sai masaƙi, sai marini, sai maɗinki. Kowa sana'a guda ya sani, ba ya shiga ta wani. Umarnin da ke sa tsiro ya yi kowane ɗaya daga cikin ma'aikatan nan yana cikin ƙwayoyin gado da ke cikin iri, shi ya sa ɗan kaura yake fitowa kaura.

YADDA DAWA KE HAƊA DAFINTA

A shekarar 1902 waɗansu masana biyu a London, Dunstan da Henry, suka bincika ƙaramar dawa da aka kawo musu daga ƙasar Masar, inda aka daɗe ana kukan tana kashe dabbobi. Suka sami abin da ke jawo haka, suka sa masa suna durin, daga sunan dawa da Larabci. Amma sanin yadda dawa ke yin sa ya ɗauki shekaru kusan 100. Birger Møller da abokan aikinsa a birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak su ne suka ware ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1995 da 1999.

Ma'aikata uku ne. Kayan aikinsu wani sinadari ne da ake kira tirosin, wanda tsiro ke gina jikinsa da shi. Na farko, wanda masana suka yi wa lamba CYP79A1, shi ke kama tirosin ya fara sarrafa shi. Na biyu ya karɓa ya juya shi ya zama wani abu mai ɗauke da sayanayid, watau ɗaya daga cikin dafin da ya fi kowane saurin kisa. Na uku ya manna masa sukari. Sukarin nan kamar kube yake ga wuƙa, muddin yana manne dafin ba ya cutar kowa, har dawar kanta.

To, ina kisan yake fitowa? Akwai ma'aikaci na huɗu wanda aikinsa zare kuben. Dawa takan ajiye durin a fatar ganye, shi kuwa mai zare kuben ta ajiye shi can cikin tsokar ganyen, ba su haɗuwa. Eric Conn da mutanensa a Kalifoniya ta Amurka su ne suka nuna wannan a 1979. Da zarar haƙori ya tauna ganyen sai shingen da ke tsakaninsu ya rushe, kamar dai albasa da wuƙa, sayanayid ya fito. In ya shiga jini yakan hana naman jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Dabba tana numfashi amma kamar an shaƙe ta, kuma in aka yanka ta za a ga jinin ja wur fiye da yadda aka saba. Dabbobi masu tuƙa, watau shanu da tumaki da awaki, su suka fi shiga haɗari, don ƙwayoyin da ke cikin tumbinsu su ma suna taimakawa wajen zare kuben.

Dawa ba ta yin dafin nan daidai wa daida a dukan rayuwarta. Ya fi yawa tana jaririya, har a kan ɗan tsiron da ya huda ƙasa yakan kai kashi 30 cikin 100 na nauyinsa in an busar. Tana girma yana raguwa. Ƙwayar da ta ƙosa ba ta da abin tsoro, shi ya sa ake cin tuwo lafiya, kuma karmami da karan da aka girbe suke zama abincin dabbobi duk rani. Abubuwa uku ke mayar da shi sama: fari, da sabon toho bayan an yanke ko an cinye, da takin zamani irin su yuriya in ya yi yawa.

AMFANINSA GA GONA

Wani zai ce, tun da an san ma'aikatan, me zai hana a sallame su kowa ya huta? Lalle an yi haka. A 2012 masana a ƙasar Ostareliya, tare da na Danmak, suka ba da labarin sun jiƙa irin dawa da wani magani mai canza ƙwayoyin gado, suka shuka dubbai, suka tsinci wadda ma'aikacinta na farko ya lalace, ba ta yin durin ko kaɗan. Daga baya suka sami wadda na ukun ne ya lalace. Ita wannan sai ta tsumbure, gama na farko da na biyu suna ta aiki, kaya na taruwa ba mai sa musu kube, suna cin jikinta. Ashe ko sallamar ma sai an san wanda za a sallama.

A Jami'ar Purdue ta Amurka, Mitch Tuinstra da ɗalibansa su ma suka fitar da dawa marar dafi saboda masu kiwo. Amma sai suka yi abin da ya kamata, suka jera ta da 'yar'uwarta mai dafi, suka sakar musu tsutsar nan mai cin masara. Abin da suka buga a 2022 shi ne, marar dafin ta fi saurin girma, amma tsutsa ta fi yi mata ɓarna. Wannan ba abin mamaki ba ne, don tun 2001 mutanen Kofanhegan suka ɗauki ma'aikatan nan uku suka sa wa wata 'yar ciyawa da ba ta da su, sai wani ƙwaro da ya saba cinta ya ƙaurace mata.

Tsutsar da aka yi gwajin da ita ba baƙuwa ba ce a nan. A farkon 2016 aka fara ganinta a Nijeriya, kafin shekara biyu ta game yawancin ƙasashen Afirka, manoman masara kuwa ba su bukatar a ba su labarinta. Saboda haka dawar da ta dace da mai garken shanu a Amurka, wanda ke da kuɗin feshi da injin yinsa, ba lalle ta dace da mai gona eka 3 a Bici ko Maraɗi ba, wanda dawar ita ce tuwon gidansa har wata damina.

DARASI DAGA AUDUGA

An taɓa yin irin wannan gaggawa da auduga, ya kamata a tuna. Duk wanda ya duba ganyen auduga ko ya fasa angurya zai ga waɗansu ɗige-ɗige baƙaƙe. A cikinsu akwai wani dafi da ake kira gosifol. Shi ya sa manyan shanu ke cin angurya su yi ƙiba, gama tumbinsu na iya rage ƙarfinsa, amma ba ta yi wa kaji ko mutane. Hasarar kuwa babba ce, don duk kilo 1 na gurzajjiyar auduga yana zuwa da angurya wajen kilo 1 da rabi, kuma fiye da kashi 20 cikin 100 na anguryar abinci ne mai gina jiki.

A shekarun 1950 aka sami auduga marar ɗigon nan a Amurka, daga irin da wata ƙabila mai suna Hopi ke nomawa. Aka yi ta murna, aka ce an sami sabon abinci. Da aka shuka ta da yawa sai ƙwari suka far mata, manoma suka gudu suka bar ta. Garin neman gira aka rasa ido.

Sai a 2006 Keerti Rathore da mutanensa a Jami'ar Texas A&M suka zo da wata dabara. Suka nemo enzayim ɗin da ke fara haɗa gosifol, suka hana shi aiki a cikin angurya kaɗai, suka bar shi yana aikinsa a ganye da saiwa da fure. Dafin angurya ya ragu ƙwarai har ta ciwu, jikin audugar kuwa yana nan da makaminsa. Hukumomin Amurka suka amince da noma ta a 2018, da cin ta a 2019. Wannan ita ce hanyar da ta kamata a bi da dawa. A bar mata dafinta tana ƙarama, lokacin da ƙwari suka fi yi mata barazana, a nemi irin da ke saurin sauke shi in ta tasa, wanda kuma fari ba ya tayar masa da shi. Mutanen Ostareliya ma sun tsinci wata mai kama da haka cikin gwajinsu, tana da dafi tana ƙarama, in ta girma ya ragu ƙwarai.

ROGO DA MASU GAGGAWA

Ba dawa kaɗai ke da irin wannan makami ba. Rogo ma yana da shi, kuma maganarsa ta fi shafar 'yan kasuwa, tun da yake Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, kwaki da alabo kuwa sun shiga kowace kasuwa ta Arewa. Dafin rogo sunansa linamarin. A ganye ake haɗa yawancinsa, sa'an nan ya gangara cikin saiwa. Shi ma sayanayid ne cikin kube, shi ma yana da mai zare masa kuben.

A nan ma'aikacin da ke kashe saniya a gonar dawa shi ne abokin mai abinci. Sa'ad da mata suka feɗe rogo, suka gurza, suka ɗura a buhu suka danne da dutse kwana 3 ko fiye, abin da suke yi shi ne ba enzayim dama ya zare kuben tun rogon bai shiga ciki ba. Dafin ya bi ruwa ya tsiyaye, sauran ya bi iska wajen suya. Haka jiƙa rogo cikin ruwa kwana 3 zuwa 4 kafin a shanya. Kakanni ba su san sunan enzayim ba, amma sun san kwanakin da yake bukata. Wanda ya gurza da safe ya soya da yamma don ya riski kasuwar gobe, ya ƙwace wa ma'aikacin nan lokacinsa, dafin da ya rage kuwa cikin mai saye zai ƙarasa fita.

Jikin mutum yana da nasa enzayim mai kashe sayanayid kaɗan-kaɗan, amma sai da taimakon abinci mai gina jiki, irin su wake da nama da kifi da ƙwai. Inda yunwa ta sa mutane cin rogo mai ɗaci tsurarsa, ba a kuwa gyara shi sosai ba, akan sami wata cuta da ake kira konzo, mai shanye ƙafafu farat ɗaya, ba ta kuwa warkewa. Wani likita ɗan Italiya mai suna Trolli ya fara ba da labarinta daga Kwango a 1938. A 1981, lokacin fari, ta kama mutum fiye da 1,000 a arewacin Mozambik, yawancinsu mata da yara. Ma'aunin da hukumomin duniya suka sa shi ne kada sayanayid ya wuce miligiram 10 a kilo 1 na garin rogo.

Howard Bradbury na Ostareliya ya koya wa matan ƙauyuka wata hanya mai sauƙi wadda ta dogara ga wannan sani. A kwaɓa garin rogo da ruwa, a baza shi siriri a faifai ko tire, a bar shi awa 5 a inuwa ko awa 2 a rana kafin a tuƙa. Ruwan yakan tayar da enzayim ɗin da ya rage cikin garin ya ƙarasa aikinsa. A ƙauyukan Kwango da aka bi wannan hanya, cutar ta daina kama sababbin mutane.

A 2023 masana a Kalifoniya suka ba da labarin sun kashe ma'aikatan farko na rogo, suka sami rogo marar dafi. Aiki ne mai kyau, zai kuwa rage wa mata wahala. Amma da aka tambayi matan Malawi a shekarun 1990 dalilin da ya sa suka fi son shuka mai ɗaci, sai suka ce shi ne ɓarawo da biri da sauran namun daji ba su taɓawa. Mai kawo sabon iri ya kamata ya ji wannan amsa kafin ya fara talla.

ABIN DA YA KAMATA

Akwai masu cewa kada a taɓa kome, a bar tsiro yadda aka same shi. Wannan magana ba ta yi wa makiyayin da ya rasa shanu 5 a yini guda daɗin ji ba, balle uwar da ɗanta ya gurgunce. Manoma kuwa tun fil azal suna taɓa iri, ai zaɓen zangarniya mai kyau a ajiye don baɗi shi ma canza iri ne. Sanin enzayim ya ƙara wa wannan zaɓe ido ne. Kuskuren da ake gudu shi ne a ɗauka duk abin da ke da ɗaci abokin gaba ne.

Saboda haka duk irin dawa marar dafi da za a kawo, kada a sake shi ga manoma sai an gwada shi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda dawa da auduga ke cikin aikinta, da kuma gonakin manoma na sosai, damina fiye da ɗaya, har da shekarar fari da shekarar tsutsa, ba tare da feshi ba. A lissafa kuɗin maganin ƙwari a cire daga riba kafin a ce iri ya fi iri. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Masu binciken ƙasar nan kuma su auna irin dawar da ke hannu, kaura da farafara da sauransu, a san wadda ke saurin sauke dafinta, a gaya wa masu kiwo. Wannan ba ya bukatar jiran kowa daga waje.

Kafin nan akwai abin da kowa zai iya yi bana. Kada a bar dabbobi su ci dawar da ba ta kai ƙafa 2 ba, watau ba ta wuce gwiwa ba. Kada a sake su cikin gyauro, ko cikin dawar da fari ya ƙona, musamman in ruwa ya dawo ta yi sabon toho. Dabbar da ta kwana da yunwa ita ta fi mutuwa, don takan cika tumbi da sauri fiye da yadda jikinta zai iya kashe dafin, saboda haka a ba ta harawa ko busasshiyar ciyawa tukuna. Shanya ɗanyar dawa yana rage dafin, amma ba a dogara da shi ga wadda fari ya tsumburar. In dabba ta fara haki bayan ta ci dawa, a kore sauran daga gonar nan take, a aika wa malamin dabbobi da gudu. Akwai allurar da ke karya dafin, amma sai an yi ta da wuri. Masu tsirar da dawa don kunu su murje tsiron da saiwar su zubar, kada kuma a ba dabbobi, gama a nan dafin ya taru.

Ɗan kasuwa mai sayen kwaki ko alabo da buhu ya riƙa tambayar kwana nawa aka jiƙa, ya ɗanɗana, in ya ji ɗaci ya bar shi ko da araha. In masu saye suka fara ƙin na gaggawa, masu yi za su koma ga kwana 3.

Dagatai da alƙalai da malaman gona su ma akwai nasu. In aka kawo ƙarar shanu sun mutu a gonar dawa, kafin a ɗora wa mai gona laifin sa guba, a je a duba tsawon dawar, a tambayi yaushe rabon wurin da ruwa, a kira malamin dabbobi ya duba jinin da abin da ke cikin tumbi. Sau da yawa amsar tana nan, kuma za ta hana gaba tsakanin maƙwabta waɗanda baɗi ma tilas su zauna tare.